Wa ke ba da izinin ƙawata ɗaki? Gado, fatanti da rajista a ƙasar Tasawa da Mayahi

1. Gabatarwa

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, mayar da dokoki cikin Hausa ya zama larura. Dokokin sana'o'i na cikin waɗanda za su fi ba mafassara wuya, domin kowace kalma a cikinsu tana buɗe wa wani ƙofar neman abinci, tana kuma rufe wa wani. A cikin wannan ɗan nazari mun ɗauki sana'a guda, wadda ake kira « architecte d'intérieur » ko « décorateur » da Faransanci, wato mai tsara cikin gida da ƙawata shi, muka bi tarihin izinin yin ta a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi. Tambayarmu ita ce: wa ke da ikon cewa wane ya isa ya taɓa cikin ɗaki, kuma da wace hujja?

Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa abin da ake kira « izini » a yau abubuwa uku ne da tarihi ya tara wuri ɗaya: shaidar gwaninta, kuɗin da hukuma ke karɓa, da kuma rubuta suna a cikin littafi. A da, na farko da na biyu a hannu ɗaya suke. Mulkin mallaka ne ya raba su.

2. Ɗakin da muke magana a kansa

Heinrich Barth ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, bayan ya rabu da James Richardson a Damargu. Shi ne babban garin Hausa na farko da ya gani, ya kuma bayyana gidajensa da kalmomin masu gidan. A cikin rubutunsa muna iya gane darni, rumfa, ɗakin kara da bango, ko da yake ya rubuta su da irin kunnensa na Bajamushe. Ga mai nazarin harshe wannan babbar shaida ce: kalmomin da ake ji yau a Korgom ko a Urafan suna nan tun tsakiyar ƙarni na 19. Ga mai nazarin sana'a kuma akwai wani darasi. Gidan da Barth ya gani, mafi yawansa kara ne da shuci, da ɗan bangon ƙasa daga ƙasa. Irin wannan gida, mai shi da maƙwabtansa ke yin sa da gayya, ba a jiran wani gwani.

A arewa, wajen Mayahi, lamarin ya fi haka ƙarfi. Ƙasar jigawa ce, sai an gangara kwari ake samun ƙasar gini mai danƙo. Kwarin da ya ratsa yankin ma sunansa Gulbin Kaba, kaba kuwa ganyen goriba ne, wanda daga gare shi ake samun tabarma, faifai, igiya da sauran kayan da ke cika ɗaki. Ashe ke nan adon ɗaki a wannan yanki ya fara ne daga saƙa, kafin ya kai ga bango.

Soro da shigifa sun fi yawa inda sarauta take da inda fatauci ya zauna. Tasawa kuwa ta samu duka biyu. Tana kan hanyar ayarin da ke saukowa daga Abzin zuwa Katsina da Kano, sannan a ƙarshen shekarun 1890 Sarkin Katsinan Maraɗi Mijinyawa ya koma can da fadarsa, bayan rigimarsa da Ƙaura Hasau. Fada ba ta tafiya ita kaɗai: tana tafe da tsarin sarautunta, da bukatar zaure, da masallaci, da masu gina su.

3. Izini ta hanyar gado

A cikin nazarin da ya yi a kwarin Maraɗi, musamman littafinsa na 1975, Guy Nicolas ya nuna matsayin da kalmar « gado » take da shi wurin Anna: kowace zuri'a da aikin da ta gada, ko noma, ko farauta, ko su, ko ƙira, tare da asirin aikin da haninsa. Wanda bai gada ba, in ya shiga, ana ce masa ɗan haye ko shigege. Ba lalle a hana shi da ƙarfi ba, amma in aiki ya ɓaci, kowa ya san abin da za a faɗa.

A manyan birane kamar Kano, Katsina da Zariya, gado ya haɗu da sarauta. Sarkin magina ne ke tara magina in za a gyara fada, ko masallaci, ko ganuwa, shi ke raba gardama tsakanin magini da mai gida, ta hannun irinsa kuma kuɗin sana'a ke isa ga sarki. Misalin da kowa ya sani shi ne na Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim (1834-1846), har unguwar zuriyarsa ta ɗauki laƙabinsa. Hamman Tukur Sa'ad (1981) da J. C. Moughtin (1985) sun yi bayanin wannan tsari filla-filla. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, haraji a kan sana'a ba Nasara ne ya kawo shi ba. Kuɗin karofi da marina ke biya a Kano ya isa hujja. Sai dai mai karɓar kuɗin ɗan sana'ar ne, ya san wanda ya iya da wanda bai iya ba. Karɓar kuɗin da shaidar gwaninta tafiyarsu ɗaya.

A wannan tsari babu wata sana'a dabam ta ƙawata cikin ɗaki. Maginin da ya ɗaura bakan gizo da azara, shi ne ke fitar da zane a jikinsa tun ƙasar tana ɗanya. Daurin guga rufi ne, ado ne kuma. Dagi da sauran zayyana da ake gani a zaurukan Birni a Damagaram aikin hannun magina ne da yaransu. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da cura tubali da miƙa shi, ya hau zuwa jera bango, ya koyi shafen makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ya koyi laso, kafin bayan shekaru a sake masa baka ya ɗaura shi kaɗai. Ranar da ubangidansa ya ce masa « je ka yi, ka isa », ranar ya samu izini. Babu takarda, amma gari duka shaida ne. Wannan hanya ba ta mutu da zuwan boko ba: Falke Barmu, maginin da ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ya kai aikinsa ga samun lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Harshen kansa ya adana wannan tsari. Sana'o'in da al'umma ta amince da su tun da daɗewa suna da sunan mai aikatawa da ɗafa-goshin ma-: magini, maƙeri, masaƙi, marini, majemi. Waɗanda suka zo daga baya, ko waɗanda ba a ɗauka sana'a ba, da « mai » ake gina sunansu: mai fenti, mai labule, mai jere. Ba ƙa'ida ce marar togaciya ba, tun da matafiyi da mahaukaci ba su da sarki, amma a fagen sana'a alamar tana da ƙarfi.

4. Rabon mata, wanda ba a taɓa yi wa sarki ba

In magini ya sauka daga bango, aikinsa ya ƙare, amma ɗaki bai zama ɗaki ba tukuna. Saura daɓe, saura shafe, saura jere, duk kuwa a hannun mata suke.

Daɓe aikin gayya ne. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, mata su jeru da madaɓai suna bugawa da waƙa har ƙasa ta kama ta yi sulɓi. A nan ma nahawu yana da abin faɗa. Akwai madaɓi, amma sunan kayan aiki ne, mai karin sama daga farko har ƙarshe, kamar mabuɗi da masassabi, saɓanin magini mai karin sama-ƙasa-sama. Harshen ya raɗa wa icen suna, bai raɗa wa mai riƙe da shi ba.

Jere kuwa shi ne ainihin abin da ya yi daidai da aikin « décorateur ». Kafin a kai amarya, dangin ta mata, gwaggo da inna da yayye da ƙawaye, su ke zuwa su tsara ɗakin: ina gado zai zauna, me za a fara gani daga bakin ƙofa, yaya za a ɗora ƙorai da faya-fayi, babba a ƙasa ƙarami a sama, wane launi zai bi wane. A kowace unguwa an san matar da hannunta ya fi kyau, ana kuma aika mata goro. Izinin shiga ɗakin zumunta ce ke ba da shi, gwaninta kuma matan unguwa ke yanke hukuncinta ranar da suka zo ganin ɗaki. Duk wanda ya taɓa jin yadda suke tankaɗe da rairaya a wannan rana ya san jarrabawa ce mai tsanani.

Barbara Cooper, a cikin littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta bi yadda kayan ɗaki suka sauya: daga ƙorai da zannuwan saƙi da dangin amarya ke yi da hannunsu, zuwa tasoshi da kwanonin sayi da kuɗin gyaɗa da kasuwanci suka kawo, sannan gadon ƙarfe da na katako. Ta kuma nuna cewa waɗannan kaya dukiyar mace ce, da ita ake auna darajarta da yawan mutanenta, in aure ya mutu ta kwashe abinta. Saboda haka jere ya wuce ado. Baje kolin jarin mace ne. (A gefe guda, mu lura da kalmar « kwano »: ita ce ta cika bangon mata daga ciki, ita ce kuma, a Hausar Najeriya, ta rufe saman ɗaki daga waje, inda mu a Nijar muka ari « tol » daga Faransanci.)

Wannan aiki ba a yi masa sarkin sana'a ba, ba a karɓi kuɗin sana'a a kansa ba. Hakan ya ba shi ƴanci, ya kuma ɓoye shi daga idon duk wata hukuma da ta biyo baya.

5. Fatanti

Zuwan Faransawa wannan yanki da jini ya fara. A watan Yuli na 1899 aka kashe Kanar Klobb a Dankori, kwana kaɗan bayan haka sojojin Voulet da Chanoine suka kashe su a wajen Maijirgi, cikin gundumar Tasawa ta yau. Daga baya Tasawa ta zama mazaunin kwamanda, har zuwa 1927 da aka mayar da shi Maraɗi. Bariki na bukatar gine-gine, kwamanda kuwa ta hannun sarakuna yake neman ma'aikata, bisa aikin tilas da ba a soke ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946. A wannan zamani, a san ka gwani ne ba koyaushe ne alheri ba.

Takardar da mulkin mallaka ya kawo wa masu sana'a ita ce « patente », wadda Hausar Nijar ta mayar fatanti. Tarihin kalmar a Faransa yana da amfani a gare mu. Asalinta buɗaɗɗiyar wasiƙa ce ta sarki. A watan Maris na 1791, dokar da ake kira ta Allarde ta rushe ƙungiyoyin sana'a na gargajiya, waɗanda su ke jarraba mutum kafin ya zama ubangida, ta ce daga yanzu kowa na iya yin sana'ar da yake so muddin ya biya fatanti. Wato an haifi fatanti ne domin ta maye gurbin shaidar gwaninta. Ba ta tambayar wa ya koya maka, abin da take tambaya shi ne nawa kake samu. Faransa ta soke ta a gida a 1975, amma sunanta ya zauna daram a kasuwanninmu.

Wannan ne ya kawo ruɗanin da muke fama da shi wajen fassara. Mai shago da ya biya fatanti yakan ce « ina da izini », kuma ta wata fuska gaskiyarsa, tun da ba mai rufe masa shago. Amma takardar ba ta shaida cewa ya iya komai. Fatanti kuma sai mai shago ko rumfa a kasuwa take gani. Magini da ke aiki daga girbi zuwa faɗuwar ruwa, sannan ya koma gona, da wuya ta kama shi. Mai jere kuwa ba ta ma san da ita ba.

Siminti ya ƙara raba kan aikin. Masana'antar Malbaza ta fara fitar da shi a 1966, kan iyakar Najeriya kuma ga ta kusa. Sai aka samu maso kusa da magini, kowa da kayan aikinsa, aka samu kafinta, mai walda, mai fenti, mai jan wayar lantarki. Cikin ɗakin da magini ɗaya da matan gida ke gamawa a da, ya koma hannun mutum biyar ko shida, babu kuma sarkin da ya haɗa su.

6. Abin da dokokin zamani suka kare da abin da suka bari

Nijar ta bi sawun Faransa wajen kare sunan arshitek, wato masanin da ke zana gini ya ɗauki alhakinsa. A Faransa, dokar 31 ga Disamba 1940 ta kafa majalisarsu, dokar 3 ga Janairu 1977 ta sake tsara ta. A Nijar, a 1997 aka kafa irin wannan majalisa, kuma da yawa daga cikin membobinta a makarantar EAMAU ta Lome suka yi karatu. Sai dai dokar Faransa ta 1977 da kanta ta cire aikin da ya tsaya ga gyaran cikin gida daga abin da dole sai an nemi arshitek. Sunan « architecte d'intérieur » ba doka ce ke kare shi ba. Wata ƙungiya mai zaman kanta, CFAI, da aka kafa a 2000, ita ke tantance masu so. Mun gaji wannan giɓi tare da sauran kayan gado.

Amurka ce ta fi nisa a wannan hanya. Tun 1974 akwai jarrabawar NCIDQ, wadda ba a ba da shaidarta sai mutum ya haɗa karatu da aiki na kimanin shekara 6. Jihar Alabama ta fara dokar kare suna a 1982. A can ana bambanta doka iri biyu: wadda ke hana ka kiran kanka da wani suna, da wadda ke hana ka yin aikin ɗungum. Ta biyun ta sha suka. Kotun ƙolin Alabama ta rushe irinta a 2007, jihar Fulorida kuma ta sassauta tata a 2020. Hujjar masu goyon bayan lasisi ɗaya ce tak mai nauyi: a gine-ginen da jama'a ke taruwa, zaɓen kayan rufi da wurin ƙofa magana ce ta rai da mutuwa.

Wannan hujja ba baƙuwa ba ce a jihar Maraɗi. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare ta birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, wata bakwai bayan irin wannan musiba a Yamai. A ganinmu, in har za a tilasta shaidar gwaninta a kan tsarin cikin gini, daga aji da asibiti da ɗakin taro ya kamata a fara, inda ake tara mutanen da ba su zaɓi ginin ba. Ɗakin amarya a Kanambakashe ba ya cikin wannan sahu, dokar da za ta nemi difloma kafin a jera kwano kuwa ba za ta samu mai bin ta ba.

Hanyar da ta fi kusa da masu aikin ita ce ta sana'o'in hannu. A 2012 doka ta kafa zauren sana'o'in hannu na Nijar, CMANI, sannan a watan Maris na 2014 ƙungiyar UEMOA ta amince da kundi ɗaya na sana'o'in hannu ga ƙasashenta takwas. Kundin ya tanadi littafin rajista da katin sana'a, ya kuma kasa sana'o'i reshe takwas. In muka ɗauki ɗaki ɗaya a Tasawa muka auna shi da wannan kaso, bango ya faɗa reshen gini, gado da kabad reshen katako, labule reshen tufafi, ƙofar ƙarfe reshen ƙarafa, zane kuma reshen fasaha da ado. Mai haɗa su duka da ido ɗaya, wanda shi ne muke nema tun farkon wannan nazari, sai ya zaɓi reshe guda ya fake a ciki.

7. Shawarar kalmomi

Ga abin da muke ba masu fassara shawara, domin a tattauna. A bar « fatanti » ga haraji kaɗai, kada a taɓa fassara ta da izini. « Rajista » ta tsaya ga rubuta suna a littafi. « Shaidar gwaninta » ta ɗauki difloma da takardar gama koyo. « Izini » ko « lasisi » kuma a ajiye su ga inda doka ta hana aikin sai da su. Ga sana'ar kanta, « mai tsara ɗaki » ya fi mana « mai ado », domin ado a Hausa jikin mutum yake fara kawowa a rai.

Matakan da kundin 2014 ya jera sun fi wuya. « Apprenti » ba gardama, ɗan koyo ne, ko yaro a bakin masu sana'a. « Maître artisan » yana tsakanin kalmomi biyu: gwani, wanda ke nuna iyawa, da ubangida, wanda ke nuna cewa yana da yara a ƙarƙashinsa. Mun fi karkata ga gwani, saboda laƙabin Babban Gwani ya riga ya ba kalmar matsayin muƙami tun ƙarni na 19. Wanda ya fi damunmu shi ne « aide familial », wato ɗan gida da ke taya mai sana'a aiki. A tsarin kundin, mataki ne na ƙasa. A tsarin gado kuwa, wannan yaro shi ne magaji, shi ne ya fi kowa hujjar shiga sana'ar. In muka fassara da « mataimaki » mun bi kundin, in muka ce « ɗan gado » mun bi Tasawa, kuma magini da za a karanta wa takardar a zaurensa zai ji bambancin tun kafin a kai ƙarshen layi.